Keken tsere ko keken duwatsu: wanne ya dace da hanyoyin Yamai da tuddan Adar?

Duk wanda ya ƙudurta mayar da hawan keke hanyar motsa jiki da shaƙatawa, ko kuma yake da burin wata rana ya shiga tseren dogon zango, abu na farko da zai tsaya masa a rai shi ne irin keken da zai sa kuɗinsa a kai. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai keken tsere, mai siraran tayoyi da kai mai lanƙwasa zuwa ƙasa, wanda aka ƙera domin gudu a kan kwalta, sannan akwai keken duwatsu, wanda a Nijar aka fi sani da VTT, mai kaurin taya da miƙaƙƙen kai, wanda aka yi domin tsakuwa da tudu da gangare. Mafi yawan matasa keken tsere ne yake fara ɗaukar musu ido, domin shi suke gani a talabijin lokacin gasar Tour de France. Ra'ayina kuwa shi ne, ga mutumin Yamai ko Tawa wanda keke ɗaya kaɗai zai iya mallaka, ƙasar da zai taka da ƙayar da ke cikinta da kayan gyaran da zai samu a kusa su ya kamata su yanke masa hukunci, kuma a mafi yawan lokuta hukuncin yana faɗawa ne a kan keken duwatsu. Sai dai akwai mutanen da keken tsere ne daidai da su, kuma bai kamata a yi musu rowar hujjarsu ba.

Bambancin da ya fi kowane tasiri yana cikin taya. Faɗin tayar keken tsere a yau yana tsakanin milimita 25 zuwa 32, kuma ana cika ta da iska sosai, wajen bar 5 zuwa 7 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), domin ta yi tauri ta mirgina ba tare da jan ƙafa ba. Tayar keken duwatsu kuwa ta kai inci 2.1 zuwa 2.4, wato ta haura milimita 50, tana da haƙora, kuma iskarta ba ta cika wuce bar 1.5 zuwa 2.5 ba. Wannan sassaucin iska shi ne sirrinta, domin tayar tana lanƙwasawa ta rungumi dutse maimakon ta yi tsalle a kansa, kuma faɗinta yana sa ta bi ta saman rairayi inda siririyar taya za ta nutse ta kayar da mai ita. Wanda ya san unguwannin Yamai ya san cewa da zarar an sauka daga babban titi an shiga lungu, rairayi ne yake tarbar mutum, kuma ko a kan manyan titunan, iska da ruwan sama suna tara yashi a gefe, daidai wurin da motoci suke tura mai keke. A irin wannan gefen titi, siririyar taya ba ta da uzuri ko kaɗan.

Amma a kan lafiyayyar kwalta lamarin yana juyawa gaba ɗaya. Keken tsere na alminiyom yakan yi nauyin kilo 8 zuwa 10, na ƙwararru kuma yana sauka har kusa da kilo 6.8, wanda shi ne mafi ƙarancin nauyin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yarda da shi, alhali keken duwatsu mai matsakaicin farashi yakan kai kilo 12 zuwa 14. Nauyi ma ba shi ne babban abin ba a fili mai shimfiɗe. Idan gudu ya wuce kilomita 20 a awa, mafi yawan ƙarfin mai keke yana tafiya ne wajen keta iska, kuma ƙarfin da ake buƙata yana ƙaruwa da sauri ƙwarai, ta yadda ninka gudu sau biyu yake neman ninka ƙarfin yaƙi da iska sau takwas. Lanƙwasasshen kan keken tsere yana sa mutum ya duƙa ya matse kafaɗunsa, sai iskar da yake turawa ta ragu, shi kuwa mai keken duwatsu yana zaune ne a miƙe da hannuwa a buɗe, ƙirjinsa yana tare iska. Wanda ya taɓa nufar gabas daga Yamai a watan Janairu, lokacin da iskar hunturu take kaɗowa daga arewa maso gabas, zai fahimci darajar wannan duƙawa. Haka kuma idan ana tafiya cikin ayari, na baya yana fakewa da na gaba har ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, kuma wannan dabara a kan keken tsere ta fi aiki, domin sai da gudu take da amfani.

Saboda haka mazaunin Yamai da yake da abokan fita da asuba, wanda hanyarsa ita ce ta Kollo, ko babbar hanyar Doso wadda ta bi ta Kure inda raƙuman dawa suke, wajen kilomita 60 daga birni, yana da hujja mai ƙarfi ta sayen keken tsere. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, Yamai kanta tana kan tsayin wajen mita 200 ne daga teku, hawan da ake samu gajere ne, kuma idan sauran ayarin duk keken tsere suke hawa, mai kaurin taya zai sha wahala a banza yana bin su, har ya fara zargin ƙafafunsa da laifin da na keke ne.

A Adar kuwa maganar ta bambanta. Ƙasar Tawa tudu ce mai shimfiɗaɗɗen kai da baƙin dutse, wadda kwaruruka suka tsattsaga, kamar kwarin Keita da na Badagishiri da Majiya. Tuddan ba su kai mita 1,000 ba, ba za a haɗa su da duwatsun Abzin ba, inda ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, amma hawansu a tsaye yake, kuma tsakuwa ce mai zamewa. Kwalta kaɗan ce: hanyar da ta taso daga Tsarnawa ta bi ta Badagishiri zuwa Tawa, da wadda ta nufi Agadas, da wasu ƴan rassa. Abin da ya fi kyau a ƙasar yana can inda kwalta ba ta kai ba, a kan hanyoyin jar ƙasa da turbobin amalanke da ke haɗa ƙauyuka, inda mai keke zai ratsa gandarin duwatsu da itatuwan da aikin raya karkara na Keita ya kafa tun daga 1984, ko layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 domin tare iska. Wanda ya sayi keken tsere a Tawa ya ɗaure kansa ne da hanya biyu ko uku, yana rabon su da manyan motocin kaya, ya bar ƙasa mai faɗi a bayansa bai gani ba.

A wurin hawan tudu, giya ce take raba gardama, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Keken tsere na masu sha'awa yakan zo da faranti biyu a gaba, mai haƙora 50 da mai 34, sannan a baya daga haƙora 11 zuwa 32 ko kusa da haka. A giyarsa mafi sauƙi, duk zagaye ɗaya na feda yana tura keken wajen mita biyu da kwata. Keken duwatsu na zamani kuwa yakan zo da faranti ɗaya mai haƙora 32 a gaba, a baya kuma har zuwa 50 ko 51, ta yadda zagaye ɗaya bai kai mita ɗaya da rabi ba. Ma'anar wannan ita ce mai keken duwatsu yana iya zama a kan sirdi yana juya ƙafa a hankali ya haye gangaren da mai keken tsere zai miƙe tsaye yana kokawa da shi, kuma a kan tsakuwa da zarar an miƙe tsaye tayar baya takan rasa nauyi ta zame. A ɗaya ɓangaren, giyar keken tsere mafi nauyi tana cin fiye da mita tara a zagaye guda, ta keken duwatsu kuwa wajen bakwai, shi ya sa a gangaren kwalta mai keken duwatsu yakan ga ƙafarsa tana juyawa ba ta kama komai.

Sai batun ƙaya, wanda a ganina ya fi duk abin da aka ambata muhimmanci a ƙasarmu, ko da yake masu ƙera kekuna a Turai ba da mu suka yi lissafi ba. Tsaida tana kwance a gefen hanya da tsininta a sama, ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya suna zube a duk inda makiyaya suka sassabe reshe, kuma bayan damina ƙarangiya takan cika turba. Siririyar taya mai tsananin iska da siririn fata tana hujewa da wuri, kuma takan sace nan take. Tayar keken duwatsu ta fi kauri, amma ita ma ba ta gagari ƙayar aduwa ba. Maganin da ya fi aiki shi ne tayar da ba ta da tib a ciki, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai danƙo da yake toshe ƙaramin huji da kansa tun keken yana tafiya. Wannan tsari ya fi dacewa da keken duwatsu, domin ƙarancin iska yana ba ruwan damar daskarewa a bakin hujin kafin iska ta fice, amma a tayar tsere mai ƙarfin iska sau da yawa ruwan feshewa yake yi waje. Aibinsa shi ne zafinmu yana busar da ruwan cikin ƴan watanni, sai an riƙa ƙarawa, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya nemi taya mai kariyar ƙaya a cikinta, ya riƙa tafiya da tib biyu da kayan faci da ƙaramin famfo. A lura kuma da bakin iska: kekunan tsere da yawancin kekunan duwatsu masu tsada suna da siririn baki irin na Presta, wanda famfon mai faci na bakin titi ba ya kamawa sai da ƴar mahaɗa, ita kuwa aba ce ƙarama mai araha da ya kamata ta zauna cikin jakar kowa.

Ta fuskar gyara, kowanne yana da inda yake ciwo. Keken tsere ba shi da sassa masu motsi da yawa, amma hannun birkinsa da na canjin giya a haɗe suke wuri guda, kuma idan wannan ya karye da wuya a sami madadinsa a Tawa, ko a Yamai ma sai an yi cigiya. Keken duwatsu yana da shokazoba a ƙafar gaba, wadda ƙura take shiga, kuma masu ƙera ta suna ba da shawarar a buɗe ta a wanke a sake mai bayan wajen awa 50 na hawa, abin da ba kowane bakanike ya iya ba. Sai dai tsofaffin kekunan duwatsu masu taya inci 26 sun daɗe da yaɗuwa a Afirka ta Yamma, saboda haka tayarsu da tib ɗinsu da sarƙarsu sun fi sauƙin samu a wuri irin kasuwar Katako, fiye da na sababbi masu inci 27.5 da 29, duk da cewa inci 29 ta fi iya haye duwatsu da riƙe gudu. Game da birki, na faifai ya fi na roba mai matse da'irar taya riƙo a cikin laka da dogon gangare, amma ga wanda yake nesa da ƙwararren mai gyara, na faifai mai aiki da waya ya fi mai aiki da mai kwanciyar hankali, domin wayar birki kowa ya iya canja ta. Abu guda da ya shafi kekunan biyu shi ne sarƙa: baƙin man mota da ake shafa mata yana kama ƙura ya zama kamar dutsen niƙa, ya cinye sarƙar da haƙoran tare, don haka a goge ta da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa.

Akwai wani nau'in keke da nake roƙon mai karatu ya kauce masa, wato mai arahar nan da aka yi wa siffar keken duwatsu, da shokazoba gaba da baya da babban sifirin a tsakiya. Ƙarfensa nauyi gare shi, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin ƙafa ba tare da ya kare komai ba, kuma mahaɗansa sukan fara girgiɗi tun bai daɗe ba. Keken duwatsu na gaske mai shokazoba biyu yana da tsada sosai, kuma an yi shi ne domin gangaren da ba mu cika samu ba. Ga ƙasar Adar da tuddan da ke hayin kogin Kwara a Yamai, mai shokazoba a gaba kaɗai ya wadatar, ya fi sauƙi, ya fi ƙarko, kuma kuɗin da za a kashe a kansa yana tafiya ne cikin sassa masu inganci.

Wanda burinsa tseren juriya ne kuma, ya kamata ya san cewa kowane keke yana buɗe masa ƙofa dabam. A ɓangaren kwalta, gasa mafi suna a kusa da mu ita ce Tour du Faso, wadda ake yi a Burkina Faso tun 1987, a ƙasa mai zafi da shimfiɗa irin tamu. Ruwanda ta zama cibiyar tseren tuddai a nahiyar, har birnin Kigali ya karɓi gasar duniya a watan Satumba na 2025, karo na farko a Afirka, inda Tadej Pogačar na Sulobeniya ya lashe tseren maza mai kusan kilomita 270 da hawan da ya haura mita 5,000. Biniam Girmay na Iritiriya kuma ya ci zango uku da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2024. Ga waɗanda ba ƙwararru ba akwai Paris-Brest-Paris a Faransa, kilomita 1,200 da ake so a gama cikin awa 90, wadda ake yi duk bayan shekara huɗu. Keken duwatsu ƙarami ne a shekaru, domin a tuddan Kalifoniya ta Amurka aka fara shi a shekarun 1970, bai shiga wasannin Olamfik ba sai a 1996 a Atlanta, amma gasanninsa na juriya sun yi nisa. Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004, kwana takwas ake yi ana tafiya mutum biyu-biyu, Leadville 100 ta jihar Kolorado mil 100 ce a kan tsayin da ya wuce mita 3,000, sannan a Maroko akwai Titan Desert tun 2006, wadda rairayinta da tsakuwarta da zafinta suka fi kama da abin da ɗan Adar ya saba da shi. Tseren kwalta yana buƙatar ƙungiya da abokan ayari da iya zama a tsakiyar jama'a cikin gudu, shi kuwa na duwatsu ya fi dogara ga mutum shi kaɗai, da iya sarrafa keke da iya gyara shi a daji. Ga wanda yake zaune inda babu ƙungiyar masu keke, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ko wane keke aka zaɓa, zafi bai san bambancinsu ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai da Tawa yakan wuce digiri 40, kuma mai keke yana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi a awa guda, saboda haka fita bayan sallar asuba a dawo kafin hantsi ya ɗaga ita ce ƙa'ida. A nan keken tsere yana da ɗan rinjaye, domin gudu yana kawo iska mai sanyaya jiki, kuma a kan babbar hanya akwai ƙauyuka da masu sayar da ruwa, alhali mai hawan tudu a hankali cikin duwatsun da suka sha rana ba ya samun iska, kuma dole ya ɗauki duk ruwansa. A tafiyar da ta wuce awa biyu ruwa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da ɗan gishiri da abin da zai ba da ƙarfi, kuma dabino da ayaba sun isa wannan aiki. A watan azumi ya fi dacewa a rage nisa, a mayar da fitar zuwa bayan shan ruwa a wuri mai haske.

Haɗarin kowanne ma dabam yake. A kwalta abin tsoro shi ne mota da babur da ramin da ba a gani ba, kuma karo da mota ya fi kowace faɗuwa muni. A daji faɗuwa ta fi yawa amma gudun kaɗan ne, sai dai taimako yana nesa, waya ba ta kamawa a cikin wasu kwaruruka, kuma da damina korama takan cika cikin ƙanƙanin lokaci ko da ba a yi ruwa a wurin ba. Hular kwano wajibi ce a duka biyun. Halin tsaro a yankin Tilaberi, wanda ya kewaye Yamai, da kuma arewaci da yammacin jihar Tawa, ya sa ba kowace hanya ake bi ba, don haka kafin a nufi wata turba a tambayi mutanen wurin, a bi umarnin hukuma, kuma kada a tafi a kaɗaice. Ina kuma jan hankalin masu hawa da damina da su tsaya a kan turba, domin gonar hatsi abincin shekara ce ta wani gida.

Akwai hanya ta uku ga wanda zuciyarsa ta rabu biyu. Keken tsakuwa, wanda ya yaɗu a shekarun baya-bayan nan, yana da kai irin na tsere da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 50, kuma a kan hanyar jar ƙasa mai kyau babu kamarsa, sai dai har yanzu yana da wuyar samu a nan, kuma a rairayi mai zurfi ko gangare mai manyan duwatsu bai kai keken duwatsu ba. Dabara mafi araha ita ce a sayi keken duwatsu a ajiye masa taya kashi biyu, masu haƙora domin daji da masu sulɓi domin kwalta. Keken duwatsu yana karɓar taya mai sulɓi ya rage tazarar da ke tsakaninsa da na tsere, amma keken tsere ba shi da sararin da zai karɓi taya mai kauri, kuma wannan ne dalilin da ya sa na fifita na duwatsu ga mai keke ɗaya.

Da yake mafi yawan kekuna masu inganci da ke shigowa na hannu ne, sai a yi hattara wajen saye. Girman gangar keken shi ne farko: idan mutum ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa ya kamata a sami tazara tsakaninsa da sandar sama, kuma idan ya zauna feda tana ƙasa, gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. A duba wuraren walda da kyau ko akwai tsaga, a juya tayoyi a ga ko suna rawa, a matse birkin gaba a girgiza keken a ji ko wuyansa yana ƙara, a kuma dubi haƙoran giya, domin idan sun yi tsini sun lanƙwashe to sai an canja su tare da sarƙa, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata a cire daga farashi. Gangar ƙarfe mai walda yana iya ɗinke ta idan ta tsage, ta alminiyom da wuya ta gyaru, ta kabon kuwa, wato wani zare mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙera kekuna masu tsada da shi, tana iya ɓoye rauni a ciki ba a gani, saboda haka keken kabon na hannu wanda ba a san tarihinsa ba bai cancanci a amince masa a gangaren Badagishiri ba. Kafin a biya, a nemi izinin mai shi a hau keken, a bi da shi ta kowace giya, a kan kwalta da kuma cikin rairayin lungu mafi kusa.